Ƙwaron Wake Ya Fi Su Aiki

Jiya na ɓata rabin yini a kan kwanon wake ɗaya. Jikata ta kwana biyu tana amai bayan mun ci daga sabon buhu, uwargida kuwa ta rantse ba za ta ƙara ɗora shi a wuta ba sai an tabbatar mata ba a zabga masa maganin ƙwari ba. Buhun nan shi ne abincinmu na wata uku.

Maƙwabcina tela ya ce, "Malam, kai ba ka jin rediyo ne? Manya sun kawo abin gwaji. Ɗan tsinken takarda ne da aka shafa wa sinadarin furotin, da ya taɓa guba sai ya yi ja."

Gani ya kori ji. Na ɗebi wake na nufi ofishin da ake gwajin. Ma'aikacin ya jiƙa shi, ya tsoma tsinke, ya ɗaga. Fari fat.

"Baba, je ka ci abinka."

Ban yi boko mai zurfi ba, amma na koya wa kaina karanta jikin kwali. A kwalin tsinken an rubuta a ajiye shi cikin sanyi, zafi na kashe shi. Kwalin kuwa yana bakin taga, rana na gasa shi.

Na ce, "Ɗana, ina firjin?"

Ya nuna sama da leɓe. "Yana ofishin shugabanmu, Ranka-ya-daɗe. Likita ya hana shi shan ruwa mai ɗumi."

"Tunda kuka fara, tsinken ya taɓa yin ja?"

"Ko sau ɗaya! Har yabo aka yi mana."

Madalla da Mai Girma Sarkin Tsaron Cikinmu. Ya kawar da guba daga ƙasa ba tare da ya bar kujerarsa ba. Masu ilimin da suka ƙera abin sun yi nasu. Amana ce ta narke a bakin taga.

Da na koma gida, uwargida ta baza waken a faranti ta ce, "Duba. Ko ƙwaro ɗaya mai motsi babu. Abin da ƙwaro ya ƙi, ni zan ba jikata?"

Mun haƙa rami mun binne buhun, ina ji kamar haƙorina ake cirewa. Yau ta sayo wani, ƙwari na ta kai da kawowa a ciki, mun ci lafiya.

Shawarata ga manya: a ɗauki ƙwaron nan aiki. Ba ya neman firji, kuma shi yakan ɗanɗana kafin ya sa hannu.