Maki Ashirin Ɗin Malam Sadi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a saman wani shago a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje inda nake karatu, ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Malam Sadi ne ya fara kai ni wurin. Gida ɗaya muke haya a Setapak, ya girme ni da shekara goma sha wani abu, malamin jami'a ne a gida Najeriya. Shekararsa biyar yana fama da digiri na uku, ƙarshe dai makaranta ta ƙi ƙara masa wa'adi, bizarsa kuma ta zo ƙarshe. Ranar Talata zai koma Najeriya ba tare da takardar ba. Bai taɓa zaunar da ni ya yi mini ƙorafi ba, sai dai ka ga abinci ya huce a gabansa.

Abu ɗaya ne ke sa fuskarsa ta sake: wasan yaƙi na kan tebur. 'Yan ƙananan sojojin roba ne, kowane bai fi ɗan yatsa ba, mutum ya yi musu fenti da hannunsa, ya jera su a tebur mai duwatsu da gidajen kwali, a riƙa auna tafiyarsu da awo ana jefa 'yan lido. (Ranar da na fara gani na ce a raina manya sun koma wasan yara. Ban faɗa ba, amma fuskata ta faɗa.) Malam Sadi gwani ne, sai dai bai taɓa cin gasar shagon ba. Wannan ita ce damarsa ta ƙarshe.

Mai shagon, wani dattijon Basine da kowa ke kira Ankul Lim, a takarda yake rubuta maki. Ni kuma da nake digiri na biyu a ƙididdiga sai abin ya ba ni haushi. Na ce zan yi musu jadawali a kwamfuta wanda zai tara maki da kansa, ya haɗa wa zai kara da wa, har ya yi la'akari da ƙarfin abokin karawar mutum. Babu wanda ya roƙe ni. Malam Sadi ya dafa kafaɗata ya ce wa Ankul Lim, "Ƙanena ne, a lissafi ba ya kuskure."

'Yan wasa goma sha shida ne, zagaye uku, kowane zagaye maki ashirin. Biyun da suka fi maki su ne za su buga wasan ƙarshe. Na zauna a ƙuryar shagon da laftof ɗina, ana kawo mini 'yan takardun sakamako ina shigarwa, ina kurɓar shayin madara daga kedai, wato shagon shayin da ke ƙasa, ina jin kaina kamar shugaban hukumar zaɓe.

Bayan La'asar aka gama zagaye na uku, na miƙe na karanta sakamako. Malam Sadi na bakwai.

Ya bari mutane suka watse, sannan ya zo ya sunkuyo kusa da ni, ya yi magana da Hausa a hankali.

"Ƙanena, duba mini. Duka ukun na ci. Na biyun ma ashirin cif na samu."

"Malam, ba yawan ci ba ne kawai. Akwai ƙarfin waɗanda ka kara da su."

"Na sani. Amma na bakwai? Ka dai duba, don Allah."

Dubawar ba za ta ɗauke ni minti ɗaya ba. Amma akwai mutane uku a tsaye kusa, suna jin muna wani yare, sai na ji kamar za su zaci muna ƙulla wani abu. Kuma, in faɗi gaskiya, raina ya sosu da aka ce in duba aikina. Sai na ɗaga murya na juya harshe zuwa Turanci don kowa ya ji. Na ce kwamfuta ba ta san ɗan garinmu ba, abin da lissafi ya bayar shi ne, ba zan taɓa lamba ko ɗaya don abota ba.

Malam Sadi ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, "To. Allah ya ba ka haƙuri." Ya koma teburinsa ya fara naɗe sojojinsa ɗaya bayan ɗaya a cikin soso.

Aka buga wasan ƙarshe, awa biyu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya a waje. Wata Bamalayiya mai suna Aina ce ta ci. Kafin a miƙa mata kofin, Ankul Lim ya ce in haɗa laftof da talabijin ɗin bango kowa ya ga "aikin zamani". Na haɗa da sauri (har da ɗan murmushin tawali'u da na tanada).

Aina ce ta matso kusa da allon, ta nuna wani gurbi. Ta tambaya me ya sa duk lambobin suka jingina dama, wannan kaɗai ya jingina hagu.

Layin Malam Sadi ne, zagaye na biyu. Maimakon biyu da sifili, na buga biyu da harafin O. Kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin rubutu, ta tsallake shi a wurin tarawa. Na goge na gyara a gaban kowa. Sunan Malam Sadi ya tashi daga na bakwai ya hau na ɗaya, sama da Aina da maki huɗu.

Babu wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da na fi samun sauƙi. Ankul Lim ya cire tabaransa ya ce, "Ayya, lah." Aina ta ce a sake wasan. Amma magariba ta kawo jiki, kuma shagon ba ya buɗewa sai wata Asabar. Ta ɗauki kofin ta miƙa wa Malam Sadi, ya ƙi karɓa.

"Kin buga kin ci," in ji shi. "Ni ban buga ba."

A jirgin ƙasa na LRT muka tsaya kusa da juna, akwatin sojojin na hannunsa. Na ba shi haƙuri ya fi sau biyar kafin tashar Taman Melati. Da muka sauka ya ce, "Harafin bai dame ni ba, kowa na kuskure. Amma da Hausa na yi maka magana, don kada a ji. Kai kuma ka amsa da Turanci."

Muka kama hanyar gida.

Ranar Talata na raka shi filin jirgi. Ya rungume ni, ya yi mini addu'ar gama karatu lafiya, kuma na san har zuciyarsa yake nufi, wanda hakan ya fi zagi ciwo. Ban sake taka matakalar shagon nan ba. Na gama digirina, yanzu ma ina koyar da ɗalibai yadda ake tsara irin wannan jadawalin, suna ganina mutum mai tsantseni, ba su san inda na koyo ba.

Abin da na ɗauka dai shi ne: duk ranar da na ji bakina na shirin yin jawabi a kan gaskiya da riƙon amana, nakan rufe shi tukuna, in koma in duba abin da yatsuna suka buga.