Rasuwar Ɗan Rakiya, Mai Auna Nisan Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya samu wuri a cikinta ya zauna, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Ɗan Rakiya, farin akwatin nan da ke kan teburin ɗakina. Waɗanda maganar ta shafa su ne: ni mai rubutu, mai ɗakina, wadda kowa ke kira Inna, 'yarmu ta fari, mijinta, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya alhali sayar da waya yake yi, da telan da ke kwanar layinmu, Allah ya saka masa da alheri.

Marigayi ya shigo gidan nan a shekarar da mantuwa ta kama Inna, har ta fara fita ɗauko 'ya'yanta daga makaranta, 'ya'yan da su ma yanzu sun fara furfura. Ya zo tare da wani abin hannu da aka ɗaura mata. Aikinsa ɗaya ne: ya gaya mini nisan da ke tsakanina da ita. Idan tana tsakar gida, sai ya ce "tit". Idan ta kusanci ƙofa, "tit-tit". Idan ta ƙetare, sai ya kurma "wiii", ba ya yin shiru sai na sa takalmi.

Kamar yadda aka yi mini bayani ranar da na saye shi, kunnuwa uku gare shi, kowanne da irin saƙon iskar da yake ji. Na farko yana ji ta cikin bango, amma kintace yake yi. Na uku yana auna daidai, amma bango ɗaya ya isa ya toshe shi. Na biyu yana tsakaninsu. Marigayi ba ya buɗe baki sai ya saurari ukun ya gwada maganarsu, kamar alƙalin da ba ya hukunci da shaida ɗaya. Yakan yi kuskuren kamu ɗaya ko biyu. Bai taɓa yin kuskure a kan ƙofa ba.

Wannan kamun ne ya tsaya wa Injiniya a maƙoshi. Ya ce kunnuwa biyun farko su ke ɓata lissafin na uku. Ya haɗa marigayi da wayarsa ya toshe su, ya zaunar da Inna a kujera, ya ja tef ɗin awo, ya nuna mini awo ya yi daidai har faɗin ɗan yatsa. Ya ce, "Baba, zamani ya wuce ku." A falo ya yi gwajin, inda babu bango ko ɗaya a tsakani.

Ciwon ajali ya bayyana da hantsi. Inna ta zagaya bayan kicin, kunnen da ya rage ya daina jin ta, sai marigayi ya riƙe awon ƙarshe yana ta maimaitawa. "Tit", "tit", yana rantse mini tana tsakar gida, alhali tana bakin babban titi da takalmi ƙafa ɗaya, tana tambayar masu wucewa ko an tashi 'yan makaranta. Tela ne ya bar kekensa ya riƙo hannunta ya kawo ta.

Injiniya bai zo da neman gafara ba, da sukundireba ya zo. Ya buɗe cikin mara lafiya ya yi ta tsokana har muka ji ƙauri. Kalmar ƙarshe ta marigayi rabin "tit" ce. Wanda ya kashe shi ya goge hannu ya ce dama kayan ba shi da inganci. Daga baya ya dawo tare da matarsa, riƙe da sabon kwaɗo, wai a riƙa kulle Inna a ɗaki. 'Yata tana hawaye ta ce, "Baba, don lafiyarta ne." Ita ban ga laifinta ba, tsoro ne ya kama ta.

Marigayi ya bar caja ɗaya, da abin hannun nan, wanda Inna ta hana a cire, domin ta ɗauka awarwaron da na saya mata ne tun muna da ƙuruciya. Ban gyara mata wannan fahimta ba, kuma kada wani ya gyara.

Za a binne shi gobe da safe a gindin bishiyar tsakar gida, cikin kwalin da ya zo da shi. Za a binne kwaɗon tare da shi, da makullansa. Ana karɓar gaisuwa a bakin ƙofa, inda na mayar da kujerata da ta Inna, domin ni na gaji aikin marigayi. Kunnuwana biyu ne, duka sun yi nauyi, amma babu mai toshe su da waya. Idan Injiniya zai zo, ya tsaya a nisan da marigayi zai kurma "wiii", kuma ni zan auna.

Da girmana na koyi rubutu. Wanda ya ga kuskure a kalmomina ya gyara mini, na gode. Maganar kwaɗo kuwa ba ta cikin abin gyara.