Ina Aka Haifi Hajiya Turai?

"Lafiya lau, sai dai ganinka ya ɓata min rana. Wa ya kumbura maka leɓe haka? Kishiya ka yi min a Dubai ta mare ka?"

"Wace mace za ta kalle ni, an san ina auren tsohuwa mai haƙori uku?"

Kakata ce, Hajiya Turai, mahaifiyar babana. Takan zo saro atamfa da turare, ta sauka a wani ƙaramin otel a unguwar Deira, nan Dubai. Ni kuwa a unguwar Hor Al Anz nake zaune tun bayan rikicin zaɓen Kaduna, wanda ya same ni ina gama jami'a. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Ban samu kaina ba sai da na shiga ƙwallon zari-ruga, irin ta mutum goma sha uku. A makon nan kocinmu ya ce ƙananan ƙasashe na neman jikokinsu na waje don su iya karawa da manya, kuma Ghana ta fara wasan. In an haifi iyayenka ko kakanka a ƙasa, kana iya buga mata. Kowa kuwa a gidanmu 'yar Kumasi yake ce wa Hajiya. Koci ya ce in tabbatar, zai tura sunana.

Na zauna a kan wata ƙatuwar jaka, na yi mata bayani.

"Zari me?"

"Zari-ruga. Ka ɗauki ƙwallo ka ruga, ƙarti su bi ka."

"Hadi, a kasuwar Sabon Gari ɓarawo muke ce wa mai wannan sana'a. Digirin da aka sha wahala a kai ke nan?"

"Ke dai faɗa min, amarya. A Kumasi aka haife ki ko?"

"Da ka tashi neman aurena ka tambaya? Sai yau da kake son ka sayar da ni ga Asante?"

"Wa zai saya? Ko kyauta aka kai ki kargo sai sun ce kaya sun lalace."

"Ƙasar da ta loda iyayena a mota ta kore su, ita za ka je ka yi wa gudu? Kai da ko ƙadangare ya motsa sai ka hau gado!"

"Shi ya sa nake da sauri. Yalla, maza, Hajiya, amsa ɗaya nake so."

Ta gyara mayafi, ta ɓare goro a hankali kamar ba ita nake jira ba.

"A Kumasi na yi rarrafe, a can na yi tallan koko, a can kakanka ya gan ni ya kasa cin tuwo. Amma haihuwa, a Zariya aka haife ni."

"Wasa kike."

"Wallahi. Ni ce 'yar fari. Da cikina ya tsufa sai aka mayar da Inna gidan iyayenta goyon ciki. Wace mace ce ke haihuwar fari a ɗakin miji? Sai da ta gama wanka ta koma da ni."

 Na cusa hannuwana a aljihu. Ta gani, ta kawar da kai, ta ci gaba da tauna.

"Khalas, shi ke nan," na ce. "Na sake ki. Saki uku."

"Sakarai. Ni da na auri kakanka ya kawo ni Zariya, da cikin fari ya tsufa, ina ka ga na tafi?"

Na ɗago kai.

"Gidan iyayenki."

"Suna ina a lokacin?"

"Kumasi... Hajiya! Baba?"

"Ubanka a zangon Kumasi ya faɗo, da kai kamar tulu, irin naka. Cibiyarsa na bayan ɗakin Inna."

"Amma fasfonsa Zariya ya ce!"

"Fasfo ne ya yi naƙudar ko ni? Ƙanwata Barira na can har yanzu, ita ta riƙe min hannu. Mu biyu za mu rantse gaban duk alƙalin da suke so."

"Na mayar da ke! Wallahi na mayar da ke, gimbiya, farin wata!"

"Bayan saki uku? Sai na auri Balarabe tukuna, mai raƙumi da mota." Ta jawo wata leda daga ƙarƙashin filo ta jefo min. Kilishi ne. "Na kawo wa mijina, amma tunda ya sake ni, kai ci. Sharaɗi ɗaya: in kun ci wasa, ka faɗa a talabijin kai mijin Turai ne. In ƙartin nan sun lallasa ku, ban san ka ba, jikan Barira ne kai."

"Na yarda," na ce, dariya na neman shaƙe ni. "Ba ni lambar Barirar, in fara gaishe ta tun yanzu."