Ranar da Mai Katifa Ya Shiga Tsere

"Duk garin nan babu wanda ya san sifirin kamar ni. A kansa nake ci, a kansa nake sha, a kansa nake kwana."

Maganar maƙwabcina ke nan, Mai Katifa, kuma tsakani da Allah rabinta gaskiya ne. Katifa yake sayarwa, mai soso da mai sifirin. Shagonsa na jikin nawa, ni labule nake sayarwa, saboda haka duk kurin da ya yi a kunnena yake fara sauka. Mutum ne gajere mai tumbi, ba ya cire baƙin tabarau ko a cikin shago, har yakan miƙa wa mai saye filo a maimakon zanin gado. Ya raɗa wa kansa suna Walƙiya. A iya sanina babu mai kiransa haka sai shi kaɗai.

To, abokina, sai Allah ya hore masa mota. Ja ce, mai ƙofa biyu, ta hannu amma da sauran ƙarfinta, salansarta na ruri kamar an taka wutsiyar zaki. Kullum da safe sai ya faka ta a bakin shago ya yi ta taka totur har labulayena su fara rawa.

Ana nan sai ƙanwar matarsa ta biyo sayen filo. Likitar haƙori ce, kuma ba ta da abin sha'awa kamar tuƙi. Duk ƙarshen mako tana zuwa filin tseren da ke bayan gari, inda kowa ke iya shiga da motarsa ya gwada ta, in dai ya sa hular kwano. Ta dubi jar motar, ta dubi mai ita.

"Yaya, wannan motar taka a bakin shago kawai take gudu?"

"Ke yarinya, kama bakinki. Tausayinku nake ji shi ya sa ban zo filin nan naku ba."

"Ka daina tausayinmu. Ka zo ranar Asabar ta sama, ni da 'yar ƙaramar motata muna jiranka. Amma ka duba ƙafafunta tukuna, na ga tana lilo in ka sha kwana."

Nan ne ya yi wancan kurin na sifirin, yana dukan wata katifa da tafin hannu.

Da labari ya kai gida, matarsa ba ta yi faɗa ba. Ta zo har shago, ta zauna a kan katifar gwaji, ta ajiye jaka. "Baban yara, ga sharaɗi. In motar nan ta dawo gida da ƙafarta, ka ci gaba da shagalinka, ba ruwana. In aka ɗauko ta a bayan janwe, a sayar da ita a sayo mai ƙofa huɗu. Na gaji da cusa yara ta bayan kujera kamar ana ɗura auduga a filo." Ya ce ya yarda, har da kafa ni shaida.

Washegari ya ja ni shagon kayan motocin tsere. Abin da ya je nema shi ne wanda 'yan tsere ke kira koyiloba: shokozoba ne da sifirin a nannaɗe a jikinsa, akwai zoben da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta, akwai kuma ɗan maɓalli a sama da ake juyawa a taurara shi ko a sassauta. Mai shagon ya jera mana kala-kala a kan kanta, masu launi kamar kayan wasan yara.

"Ranka ya daɗe, da motar kake zuwa aiki, ko ta fili ce kawai?"

"Me ya haɗa ka da inda nake zuwa?"

"Don in san wanda zan ba ka. Wannan na mai hawa titi ne yana leƙa fili jefi-jefi. Wannan ya fi shi tauri kaɗan. Wancan kuwa na tsere ne zalla, sai da taya ta musamman da kwalta sumul kamar madubi. Wace irin taya ke ƙafarka?"

"Baƙa," in ji Mai Katifa.

Mai shagon ya dube ni, ni kuma na dubi silin.

Gogan naka ya ɗauki na farko ya danna shi da babban yatsa, yadda yake danna katifa in yana ciniki. Ya taɓe baki. "Wannan na masu ciwon baya ne." Ya danna na biyu. "Wannan na amare." Ya ɗauki na ukun, ya danna, ya dage, har jijiyar wuyansa ta miƙe, abin ko gezau. Sai fuskarsa ta washe. "Yawwa. Naɗe min wannan."

"Ranka ya daɗe, zai wahalar da kai fa."

"Malam, kana sayar da sifirin ne, ni kuwa zama nake da shi."

A gareji ma haka aka sha. Bakanike ya ɗaura su, ya ce saura a ɗora motar a ma'auni a daidaita nauyin kowace ƙafa, sannan a saita tayoyin su kalli gaba sosai. Mai Katifa ya ce idonsa ne ma'auni. Ya karɓi sifana, ya tuɓe riga, ya kwanta a ƙasa, tumbi na kallon sama. Ya murɗa zoben nan, ya murɗa, mota na sauka, har sai da ya rage wayar hannu ce kaɗai za ta iya wucewa ta ƙarƙashin bamba. Yana cikin murɗa ƙafar baya aka kira shi a kan cinikin katifa, da ya dawo ya manta inda ya tsaya, sai ya wuce ta gaba. Maɓallan kuwa ya juya su duka zuwa ƙarshen tauri, har sai da suka yi ƙara.

Da aka sauke ta daga jak, motar ta tsaya a karkace kamar teburin da ƙafarsa ɗaya ta gaza.

"Oga, ta ɗan jirkice," in ji bakanike.

"Ƙasan garejinka ne ba daidai ba."

Fitowa daga garejin ma sai da aka shimfiɗa katakai, don akwai 'yar gangara a bakin ƙofa. Ya ce duk motar tsere ta ƙwarai haka ake fito da ita.

Ranar Asabar ya rufe shago, ya gayyaci duk 'yan layinmu: mai fenti, mai tayil, mai fanka, har da tela. Suka cika bas ɗaya tare da matarsa da yara. Ni ne na yi rashin sa'a, don ni ya zaɓa in zauna a gefensa.

Abokina, ban taɓa sanin titin garinmu na da ramuka haka ba. Ko murfin kwalba muka taka sai na ji shi a ƙashin bayana. Haƙorana suna kaɗawa kamar ina jin sanyi, kuɗin da ke aljihuna suna tsalle.

"Ka-ka-kana ji-jin yadda ta ka-kama ƙasa?" in ji shi.

"Ina ji. Ƙa-ƙasar ma ta kama ni."

A ƙofar filin akwai tudun rage gudu, ɗan ƙarami, wanda ko mai keke ba ya kula da shi. Mai Katifa ya tunkare shi a karkace, wai dabarar ƙwararru ce. Muka ji ƙuuu, sai tsit. Cikin motar ya hau tudun ya zauna daram, tayoyin baya suna juyawa a iska kamar kunkurun da aka ɗora a kan dutse. Motoci suka yi layi a bayanmu suna hon. Sai da 'yan layinmu suka sauko daga bas, suka kama ta gaba da baya, suka ciccibe ta suka tsallakar. Tela ya ce shi bai san kallon tsere har da dako ba.

Likita na jiranmu a ciki, ta jingina da 'yar farar motarta. Ta zagaya jar motar a hankali, ta durƙusa ta leƙa ƙasa.

"Yaya, wa ya yi maka wannan aikin? Ka faɗa min in kai ƙararsa."

"Tsoro ne ya kama ki."

"Ka bari in sassauta maka maɓallan ko kaɗan ne, mu ɗaga ta. Taya na gogar jikin mota."

"Ke dai je ki cire haƙora. Mota sai maza."

Ta ɗaga kafaɗa ta sa hularta. Aka ba mu namu hulunan. Nasa ya ƙi shiga da tabarau, shi kuma ya ƙi cire tabarau, sai aka danna a haka.

Aka ɗaga tuta. Gaskiya a miƙaƙƙiyar hanya motar ta yi gudu, har na fara cewa ko dai mutumin nan ya san abin da yake yi. Sai ga kwana ta farko. Ya murɗa sitiyari, mota ta ce ba da ni ba. Maimakon ta kwanta ta bi kwanar, sai ta hau tsalle a gicciye kamar kwaɗo a kan kasko. Muka bar kwalta, muka faɗa cikin tsakuwar da ke gefe, bamba ta kwashi rabonta, muka sake hawowa.

"Gajeriyar hanya ce," ya ce.

A kwana ta biyu akwai robobin nan masu tsini da ake jerawa don nuna hanya. Bai bar ko ɗaya ba. Da yake bambar tana shafar ƙasa, babu wanda ya shige ƙarƙashi, duk suka taru a gabanmu muna tura su. Daga nan duk abin da ke kan kwalta namu ne: tsakuwa, ɓarɓashin taya, ganye, leda, har da wata hular da iska ta kwaso daga wajen 'yan kallo. Tarin na girma, gudu na raguwa. Likita ta wuce mu fiu. Can an jima ta sake wuce mu, wannan karon har da ɗago hannu tana gaishe mu. Wani dattijo mai furfura da ya zo koyon tuƙin fili ya bi bayanmu ya gaji, ya danna hon cikin ladabi, shi ma ya wuce.

"Ina karantar su ne," in ji Mai Katifa. "Sai sun gaji zan fito musu."

Bai rufe baki ba muka hau dakalin gefen kwana. Motar ta yi sama, ta dawo ƙasa tim. Na ji wani abu ya buga gilashi ƙwas. Na duba, cikon haƙorinsa ne. Sai warin roba ya cika motar, hayaƙi ya taso ta ƙafar baya, inda ƙarfen jikin mota ya daɗe yana yankar taya. Ta yi fuus. A haka muka ja jiki muka ƙarasa zagayen a kan ƙarfe, muka tsaya daidai gaban rumfar 'yan kallo, da tulin shara a gabanmu da ya kai gwiwa.

Mai fanka ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Mai Katifa ya fito a duƙe, ya kasa miƙewa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kumatu. Likita ta zo ta ce ya buɗe baki, ta leƙa, ta ce ya same ta ranar Litinin da safe. Matarsa kuwa ta riga ta kira janwe. Ta matso ta karkaɗe masa ƙurar riga cikin kulawa.

"Sannu, Baban yara. Fara nake so, mai faɗin but."

Ka ce jikinsa zai yi sanyi? Ina. Ya fara bayani ke nan cewa kwaltar filin ce ba ta kai matsayin motarsa ba, sai ga manajan filin ya nufo mu da sauri, babban mutum da rediyon hannu a ƙugu. Ya tsaya ya kalli hanyar tun daga farko har ƙarshe, ya girgiza kai, ya miƙa wa Mai Katifa hannu biyu.

"Kai ne mai jar motar nan? Na daɗe a wurin nan, ban taɓa ganin wanda ya bi filin nan lungu-lungu kamar kai ba."

Mai Katifa ya miƙe tsaye, ciwon baya ya tafi. Ya gyara tabarau, ya waiwayi 'yan layinmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku dai kuna ji. Mai ido shi ke gane gwani."

"Muna buƙatar irinka," in ji manaja. "In za ka yarda, duk Asabar muna so ka riƙa zuwa, kai za ka fara shiga kafin kowa."

"To, sai na duba lokacina. Ka san mu ana nemanmu da yawa. Da su wa zan riƙa karawa?"

"Karawa kuma? A'a, ranka ya daɗe. Motar shararmu ce ta lalace."