Malam Sikeli Ya Auna Waƙa Biyu

Duk makarantar da ta samu malamin adabin Turanci irin Malam Sikeli sai ta gode wa Allah. Sauran malamai sai sun karanta littafi kafin su san darajarsa. Shi kuwa ya wuce wannan wahalar tuntuni. Sunan marubuci kawai zai duba. In ɗan ƙetare ne, gwani ne. In ɗan gida ne, Allah ya ba shi haƙuri. Ɗalibai suka sa masa Sikeli, shi kuma ya ɗauka yabo ne, har yana amsawa.

A ɗakin malamai yana da kujera kusa da taga, wadda ko ba ya nan ba mai zama. Daga nan yake raba wa marubutan duniya matsayi, yana kaɗa shayi da bayan biro. A aji kuwa ba ya duban takarda. Nannaɗe ta yake yi ta zama sanda, ya lumshe ido, ya yi ta zuba.

"Ni ko a makance na san waƙar kirki," in ji shi. "Ƙamshinta nake ji."

Abu ɗaya ke ci masa rai: har yanzu ba a sa shi cikin masu makin jarrabawar ƙarshe ba. A bana aka ce kujera ɗaya ta buɗe, kuma za a turo wata jami'ar hukumar jarrabawa ta kalli darasinsa. Malam ya sa aka goge kwat ɗinsa har tana ɗaukar ido. Ya zaɓi darasin kwatanta waƙa biyu, ta wani mawaƙin ƙetare da yake ji da shi, da ta wani ɗan gida da ya saba yi wa wankin babban bargo. Ya rufe sunayensu kamar yadda ake yi a jarrabawa. Fotokofi ma bai yarda kowa ya taɓa ba, da hannunsa mai albarka ya yi, yana yi yana waya.

Jami'ar ta zauna a bayan aji. Aka raba takardu. Malam ya nannaɗe tasa, ya lumshe ido.

"Waƙa ta ɗaya," ya ce, "zinariya ce. Ku dubi zurfin tunani, ku dubi yadda kowace kalma ta zauna daram. Mai wannan alƙalami haihuwarsa aka yi da shi."

Ɗalibai suka fara kallon juna. Malam ya ji ajin ya yi tsit, ransa ya yi fari, ya ce a zuci yau ilimi ya shiga.

"Ta biyu kuwa, tausayi ta ba ni. Ba kai, ba gindi. Kalmomi a watse kamar kayan da aka zubar daga jaka. Wanda ya rubuta ta ya nemi wata sana'ar."

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. Bai gani ba, idonsa a rufe yake. Sai jami'ar ta yi gyaran murya.

"Malam, don Allah ko za ka karanta mana su da kanka? Ina son in ji bambancin da kunnena."

Ya warware takardar cikin ƙasaita, ya karanta ta ɗaya da murya mai amo, har da dafa ƙirji. A tsakiya ya ɗan yi turus, don waƙar ta yi masa kama da ta ɗan gidan nan. Ya daure ya kai ƙarshe. Ya juya shafi, ya yatsina fuska, ya fara ta biyu. Layin farko ya zo daidai da na ɗazu. Na biyu ma haka. Waƙar ɗan gida ce ya buga gaba da baya, ta gwaninsa tana can kan injin fotokofi.

Dariyar da ɗalibai suka danne tun ɗazu ta ɓalle. Gumi ya jiƙa wuyan kwat. Amma babban mutum ba ya rasa ta cewa.

"In kun lura," ya ce, "tawadar ta biyun ta fi dishi-dishi."

Jami'ar ta gode masa ƙwarai, ta ce ba ta taɓa ganin darasi irinsa ba. Malam ya yi ta maimaita wannan yabo a ɗakin malamai har sakamako ya fito. Kujerar makin dai wata malama aka ba wa, mai wata mummunar ɗabi'a ta karanta abu kafin ta yi magana a kansa.