Ranar da Na Kai Ruwa Ƙauyenmu a Kulle

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai ruwa ƙauyenmu, ko da yake da so samu ne da tuni na manta. Shekarun fari ne, damina biyu a jere gero bai wuce gwiwa ba, mutane suka watse, wasu Kano, wasu inda Allah ya nufa da su. Ni a lokacin shofer ne, wato direba, a wani furoje na agaji mai raba abinci a ƙauyukan Damagaram. An damƙa mini wata tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai ratsa rairayi, ina ji da ita kamar ni na haife ta.

Matata ta kwashe yara ta tafi wurin yayanta a Kano, da yardata, don can ko ba komai ana ɗora tukunya. Aka bar ni a ɗaki guda a Zango, daga ni sai buta da rediyo (shi ma rediyon sai ya ga dama yake magana). Abokan da muke zama a ƙofar gida bayan la'asar duk sun tafi ci-rani, babu wanda ya ce ga ranar dawowa. Har ta kai ina yi wa mota hira. In na tada ta da safe sai in ce, "Kin kwana lafiya?" Ita kuwa ta yi tari sau biyu, in ɗauka amsa ce.

Aikinmu ni da Madam Zara ne, wata malamar asibiti da ba ta da yawan magana. Ita ke dama wa yara masu tamowa kunun madara, ni kuma in kai ta, in kai buhuna, in kai ruwa, tunda yawancin ƙauyukan rijiyoyinsu sun ƙafe. Ruwan a bido muke zuba shi, wato jarkar ƙarfe mai marfi da ake ɗagawa sama, guda shida, in ɗaure su da igiya a bayan mota. Wata rana a hanyar Dogo na faɗa wani rami, igiyar ta tsinke, bido biyu suka yi tsalle waje, ɗaya ya tsage. Muna tsaye muna kallo rairayi ya shanye ruwan da na yi layi tun asuba a famfo kafin in samu. Madam Zara ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Shofer, kunun ƙauye guda ke nan." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ranar na yi alkawari bido ba zai sake faɗowa daga motata ba. Na je kasuwa wurin wani Bakano mai sayar da tsofaffin ƙarafa na sayi gadon ƙarfe (gadaje sun yi arha a shekarar, kowa yana fitar da na ɗakinsa). Na auna bido da zare, na zana fasalin abin da gawayi a daɓen ɗakina, na goge, na sake zanawa. Babu wanda zai ce mini na ɓata ɗaki, babu kuma wanda zai ce mini ga inda na yi kuskure. Daga nan na kwashi ƙarafan na kai wurin Malam Ila mai sudur, wato mai haɗa ƙarfe da wuta, a bayan tasha. Lahadi uku muna kai. Muka yi keji mai ɗaki shida, kowane bido da gurbinsa. Na yanka tsohuwar taya na shimfiɗa a ciki don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Muka huda ƙasan mota muka ɗaure kejin da bulo huɗu, wato ƙusoshi masu noti. Saura ƙarfe ɗaya, wanda zai gitta ta sama ya danne su duka.

Malam Ila ya ce, "Wannan na saman ka yi shi kamar ƙyaure. Gefe ɗaya ya riƙa juyawa, ɗaya gefen ka sa kwaɗo."

Na ce, "To, Malam."

Sai ga Madam Zara da labari: ranar Talata za mu wani ƙauye gaba da Gouna. Da ta faɗi sunansa, ashe ƙauyenmu ne. Shekara biyu rabona da shi, ba don komai ba sai don ba ni da abin da zan shiga da shi a hannu. Can Gwaggo Hajo take, ƙanwar babana, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Yanzu ga shi zan shiga garin da mota, da madara, da ruwa. Ni ɗin nan.

Ran Litinin na je a ƙarasa aiki, na tarar Malam Ila zai tafi jana'iza Gaffati. Ya bar mini injin ya ce in yi a hankali. Na cika bido shida, na jera su a gurabensu, na ɗora ƙarfen saman na ɗaure shi da waya don gwaji, na girgiza motar. Sai na ji ƙwal, ƙwal. Ƙarar nan ta tuna mini hanyar Dogo. Na tsaya na yi shawara da kaina, na ce ƙyaure ai motsi yake yi, abin da ke motsi kuwa wata rana zai buɗe. Kaina ya ce gaskiya ne. Na ɗauki wuta na liƙe ƙarfen ta dama, na liƙe shi ta hagu. Da na ga wuta ta saura, na shiga ƙarƙashin mota na ɗiga wa bulo huɗun nan su ma, kada su kwance a hanya. Na sake girgiza mota. Shiru. Wallahi har tafi na yi wa kaina, ni kaɗai a garejin mutane.

(Mai karatu, na san ka riga ka gano. Ni ban gano ba. Duk tunanina yadda ruwa zai isa ne. Cewa ana kai ruwa ne don a sha, wannan bai zo mini ba ko sau ɗaya.)

Talata na sa rigar kaki da na goge da dutsen guga, na ɗora baƙin tabarau. Hanya ta yi muni, ramuka da rairayi, amma ko bido ɗaya bai ce uffan ba. Ina ta satar kallon Madam Zara ko za ta yaba. Da muka hango garin na danna oda sau uku.

Garin ya zama kufai rabi. Gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya. Tsofaffi ne suka fito, da mata riƙe da yara waɗanda wuyansu ya yi siriri. Gwaggo Hajo ta rame har na kusa wuce ta. Ta kama hannuna tana cewa, "Ɗana, kai ne? Kai ne da mota?" Na durƙusa na gaishe ta, amma tabarau ban cire ba.

Madam Zara ta sa aka kafa murhu a gindin wata bishiya, mata suka yi layi da ƙoƙuna. Kafin ta kira ni na riga na tara dattawa a bayan mota ina nuna musu keji. "Wannan ni na ƙera shi da hannuna. Ko motar ta kife ba abin da zai fita." Suka ce, "Ikon Allah! Boko da daɗi."

"Shofer, sauko da bido biyu."

Na hau, na kama hannun bido na farko na ja. Bai motsa ba. Na sake ja. Sai a lokacin idona ya sauka kan ƙarfen saman, liƙe ta dama, liƙe ta hagu, sumul. Na ce ba komai, a buɗe marfi a zuƙo da tiyo. Na kai hannu, ashe ƙarfen a kan marafan ya kwanta, daidai, kamar da gangan na auna. Na buɗe akwatin kayan aiki ina neman zarto, na tuna yana kan bencin Malam Ila. Na sa ƙarfen cire taya na ɓanɓara, ƙarfen cire tayar ne ya lanƙwashe. Na leƙa ƙarƙashin mota ko a kwance kejin dungurungum, bulo huɗu suka dube ni na dube su.

"Shofer, wuta na ci."

Na ce, "Madam, ba ya fita."

"Me ne ne ba ya fita?"

"Ruwan."

Wani dattijo ya ce a huda bido da ƙusa. Madam Zara ta ce in ya zama dole za a huda, amma gobe da me za a kai wa sauran ƙauyuka? Nan aka aika a kira Baba Sanda maƙeri, tsohon da maƙerarsa ta yi watanni ba ta ga wuta ba, tunda ba mai gyaran fartanya. Ya zo da wani zarto da haƙoransa suka cinye kamar na mai shi. Ya duba aikin, ya zauna ya fara goga.

Tun bayan azahar muke gogar ƙarfen nan, shi ya yi, ni in karɓa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yi dariya. Matan suna tsaye a layinsu, wani yaro yana kuka ƙasa-ƙasa, irin kukan da ba ƙarfi a cikinsa. Itacen da aka tsinto da ƙyar ya cinye a banza. Rigar kaki ta jiƙe sharkaf, tabarau kuwa ban san lokacin da na tura shi aljihu ba. A garin da aka haife ni nake, kowa ya san ni, amma ban taɓa jin ni kaɗai ba kamar a kan motar nan.

Ina cikin goga na ji an taɓa ƙafata. Gwaggo Hajo ce, da ɗan ƙoƙo a hannu. Ruwa ne a ciki, ja, mai laka, wanda ake kwarfowa daga gindin wata rijiya mai nisan tafiyar hantsi.

Ta ce, "Ungo, ɗana, jiƙa maƙoshi. Ka sha hanya."

Ina zaune a kan bido shida na ruwan famfo. Na ce, "Gwaggo, ki bar shi."

"Sha mana. Baƙo ba ya shigo gari a bar shi da ƙishi."

Na karɓa na sha, a gaban kowa, don ƙin sha ya fi muni. Har yau in na tuna ina jin ƙasar a haƙorana.

Dab da la'asar ƙarfen ya yanke ta gefe guda, muka taru muka lanƙwasa shi sama. Baba Sanda ya share gumi, ya shafa inda na liƙe, ya ce, "Kai, yaro, aiki ya yi kyau. Ɓarawo ba zai sha ba, mai shi ma ba zai sha ba." Wata mata ta tuntsire da dariya, sai layin duka ya ɗauka, har Gwaggo tana rufe baki da gefen zane. Aka sake hura wuta aka dama kunu, yara suka sha. Amma ƙauye na biyu da ke jiranmu a ranar ba mu samu zuwa ba, sai washegari. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma ban taɓa mai da shi abin dariya ba.

Muka kamo hanyar dawowa ni da Madam Zara. Sai da na ajiye ta a ƙofar gida ta juyo ta ce, "Gobe ka taho da igiya." Ba ta kai ƙarata biro, wato ofis, ba, Allah ya saka mata.

Da Malam Ila ya dawo na kai masa motar. Ya zagaya kejin, ya dubi yankan zarton, ya dube ni. "Na ce ka yi ƙyaure, kai kuma ka yi kabari." Kafin shayinsa ya huce ya gyara shi, gefe ɗaya na juyawa, ɗaya da kwaɗo. Kejin nan ya yi aiki har motar ta mutu, bido bai sake faɗowa ba. A wasiƙar da na aika wa matata na rubuta cewa na kai ruwa ƙauyenmu, Gwaggo tana gaishe ta. Iyakar abin da na rubuta ke nan.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka ɗaure abu, ka fara tambayar yadda za a kwance shi. Kuma ka tambayi wani, ba kanka ba, don mai shawara da kansa kullum taronsa da amincewa yake tashi.