Hanjin da Ya Gama Karatu

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwa, a fara da Shugaban Walwalar Ma'aikata na kamfanin sabulu, sauran su biyo baya in sun samu wuri. Bawan Allah ne mai kwarjini, wanda tumbinsa kan riga shi shiga ofis ya gaisa da jama'a kafin shi ya ƙaraso. Tabarau biyu gare shi, ɗaya a kan hanci, ɗaya a rataye a wuya, kuma har yau ba a samu wanda ya kama shi yana karatu da ko ɗaya ba. Aikin da aka ɗauke shi ya yi ba shi da yawa: ya tabbata abincin ranar da kamfani ke ba ma'aikata ya dahu, ya kuma isa kowa. Amma ai ƙasƙanci ne a ce mutum irin wannan ya ƙare rayuwarsa yana leƙen tukunya.

Ilimi ya same shi ne a shagon aski. Yana zaune an ɗaura masa ƙyalle a wuya, yana latse-latsen waya, sai ya faɗa kan wani bidiyo. Wani ne cikin farar riga yake bayanin cewa akan tace wani sinadari daga masoro a ɗura shi a ƙwaya, kuma an ce yana taimaka wa hanji ya tsotsi wasu abubuwan gina jiki daga abincin da aka ci. Bidiyon dogo ne, mai farar rigar ko share fage bai gama ba. Shugaba bai jira sauran ba, domin jiran ƙarshen magana aikin masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne. Kafin mai aski ya gama daidaita masa ƙeya, ya zama masani.

Washegari ya tara ma'aikata a ɗakin cin abinci. Ya hau benci, bencin ya yi ƙara ya haƙura. Ya ɗaga wata 'yar kwalba sama kamar wanda ya ciyo kofi, ya gyara zaman tabarau.

"Jama'a, na gano abin da ke damunku," in ji shi. "Ku ba yunwa ce matsalarku ba, rashin tsotsa ne. Kuna ci kamar ana korarku, amma abincin ratsawa kawai yake yi ya wuce, ko gaisawa da jini ba ya yi. Daga yau, a kimiyyance, kowa zai samu rabin faranti da ƙwayar masoro ɗaya. Kada wanda ya gode mini, aikina ne."

Ba wanda ya gode masa, shi kuwa ya ɗauki hakan a matsayin biyayya.

A ranar aka yi wa babban ludayin kicin ritaya, aka kawo ƙaninsa ya kama aiki. Shinkafa ta ja da baya ta bar rabin faranti fili fetal. Nama ya koma yanka ɗaya, shi ma sai an kawar da wake an zuba ido sosai kafin a gan shi. A gefe kuma ga 'yar ƙwaya mai ruwan ƙasa tana zaune da isa, ita ce wai ragowar abincin. Ma'aikata suka raɗa wa maigidan suna Farfesan Hanji. Da sunan ya kai kunnensa bai ji haushi ba, sai ma ya sa aka ƙara shi a allon ƙofar ofishinsa.

Mai neman rigima zai tambaya, ina ɗaya rabin yake tafiya? Amsar mai sauƙi ce: bincike. A ƙuryar ofishin Farfesa akwai wani ɗan ɗaki da a da ake jibge karyayyun kujeru. Ya sa aka share shi, aka shigar da firji da tebur, aka sa masa suna Sashen Bincike. Mabuɗinsa ɗaya ne, a rataye a ƙugun Farfesa. Kullum kafin a kaɗa ƙararrawar cin abinci, Uwar Kicin, dattijuwar da ke shugabantar masu girki, takan kai kuloli ɗakin da hannunta, tana tafe tana tsaki ƙasa-ƙasa. Farfesa ya shiga ya murza mabuɗi. Can sai ya fito yana sakace, idanu sun kaɗa saboda wahalar ilimi, ga maiƙo a gefen baki. Daga nan ya zarce ɗakin cin abinci, ya karɓi rabin farantinsa a gaban kowa, ya kai cokali biyu, ya haɗiye ƙwaya, ya ture sauran, ya shafa tumbi ya ce ya ƙoshi. A nan kam dole a yi masa adalci, bai taɓa yin ƙarya ba.

Akwai wani ɗan dako a kamfanin da ake kira Tirela, saboda yawan kwalayen sabulun da yake ɗorawa a ka ya loda a mota. Mutum ne mai tarin yara da ƙaramin ƙarfi, na gida yakan bar musu su ci, abincin ranar nan na kamfani shi ne ke riƙe shi daga safe zuwa safe. Tun da kimiyya ta shigo, Tirela ya fara yawo da ƙusa a aljihu, lokaci zuwa lokaci ya ƙara huda a bel ɗinsa. Da abin ya ishe shi ya je ofis, ya cire hula, ya ce shi dai ba ya ja da ilimi, amma ƙwayar nan da alama ta gama da abincin ta koma kansa.

Farfesa ya dube shi ta saman tabarau, cikin tausayin da manya ke yi wa marasa fahimta.

"Matsalarka ɗaya ce, hanjinka jahili ne," ya ce. "Hanji ma aji-aji ne. Akwai ɗan firamare, akwai ɗan sakandare, naku na masu dako ko rajista bai yi ba. Dubi nawa." Ya ɗan bubbuga tumbi, tumbin ya amsa. "Wannan ya gama karatu. Cokali biyu nake ci a gabanka, ga sakamako kana gani. Je ka riƙa taunawa da natsuwa."

Tirela ya mayar da hularsa ya fita, ya je ya tauna da natsuwa, abin da za a tauna ne babu.

Haske irin wannan ba ya tsayawa a wurin aiki. A gida, matar Farfesa ta lura maigida yana dawowa ba ya marmarin komai, abincin dare sai ya jagwalgwala ya bari. Hankalinta ya tashi, ta rasa ko ciwo ne ko wani wuri yake ci. Da ta yi masa magana, sai ya jira ranar da yayanta da matarsa suka zo ziyara, ya buɗe musu lacca har shayinsu ya huce. A ƙarshe ya ba da umarni cewa daga ranar a riƙa zuba masa abincin dare a ɗan farantin da ake ɗora kofin shayi, babban farantinsa kuma ya yi wa surukin nasa kyautarsa, tunda shi har yanzu yana cikin masu buƙata. Matar ta dubi tumbin, ta dubi ɗan farantin, ta ce to. Mace ce mai biyayya ƙwarai, musamman a kan abin da ya rage mata tsayuwa a kicin.

Ana nan, wata rana da tsakar rana, Tirela ya ɗauko kwalaye zai hau bayan mota, ƙafafunsa suka ce sun gaji. Ya zube, sabulai suka watse ko'ina. Farfesa ya iso yana haki, ya ratsa taro, ya duba, ya sanar cewa mutumin ya manta bai sha ƙwayarsa ba ne, har ya fara laluben kwalba zai ɗura masa. Uwar Kicin ta ture shi da gwiwar hannu, ta durƙusa da shayi mai sukari da burodi. Tirela ya buɗe ido ya cinye, ya dubi hannunta ko da saura. Ranar ko masu dariya ba su yi dariya ba, abin tausayi ne ganin ƙato kamar wannan yana lasar yatsa a ƙasa.

Labari ya kai kunnen Mai Kamfani. Tsohuwa ce mai sanda, wadda ta fara sana'ar da dafa sabulu a rabin ganga a bayan gidanta, ba ta da yawan magana, kuma ba a cika son ranar da ta yi ba. Ta aiko cewa za ta zo ta ga tsarin da idonta. Farfesa ya tabbata lambar yabo ce ta taso. Ya sa aka goge takalmi, ya sha sabon ɗinki, ya kwana yana gwada murmushin karɓar kyauta a madubi.

Da ta iso, ya tarbe ta da jawabi. Ya yi bayanin hanji daga sama har ƙasa, ya maimaita mata ajin kowane hanji, ya nuna ma'aikata a matsayin waɗanda ko rajista ba su yi ba, sannan ya juya gefe don ta ga tumbin sosai, ya gabatar da shi a matsayin hujja mai rai. Tsohuwa ta saurara. Ta dubi wuyan ma'aikata, ta dubi wuyansa. Sai ta ce a kai ta ofishinsa ta ɗan zauna. Tana shiga idonta ya sauka a ƙofar ƙurya, ta miƙa hannu a ba ta mabuɗi.

Farfesa ya dafe mabuɗin a ƙugunsa. Ya ce ai Sashen Bincike ne, wuri ne mai tsari, ba a shiga da takalmi. Tsohuwa ta sunkuya ta cire takalmanta.

Ta daɗe a ciki. Abin da ta gani ba ɓoyayye ba ne: firji cike da cinyoyin kaji, kuloli a jere, kwando guda na ƙasusuwa, da matashin kai a kan tebur don hutun bayan bincike. Ta fito ta sa takalmanta, ta jefa mabuɗin a jakarta, ta ce a tara mata kowa a ɗakin cin abinci.

"Na ga bincike, na kuma gamsu," ta ce. "Farfesa, ilimi irin naka ba a kulle shi a ɗaki. Daga yau teburinka a tsakiyar nan yake, kowa ya gani ya koya. Rabin faranti da ƙwaya, kamar yadda ka saba. Su kuwa waɗannan, kai da bakinka ka ce hanjinsu bai shiga makaranta ba, to kada a ɓata ƙwaya a kansu. Uwar Kicin, a dawo musu da babban ludayi, har ranar da suka kai matsayinsa."

Ɗakin ya ɗauki tafi kamar rufin zai yaye. Farfesa ya dafa ƙirji ya rusuna hagu da dama, bakinsa har kunne. Bai fahimci abin da aka yi masa ba sai da aka kaɗa ƙararrawa.

Tebur kam an yi masa na alfarma, da farin ƙyalle, da furen roba, da allon suna. A kai aka ajiye rabin faranti da ƙwaya. A ranar farko ya kai cokali biyu ya ture saboda mutunci. A ta biyu ya kai huɗu. Kafin mako ya zagayo, an gan shi yana bin ƙwayar shinkafa ta ƙarshe da bayan cokali yana waige-waige. Ya gwada zagayawa wurin mai shayin bakin ƙofa, ya tarar da masu dako a benci, suka miƙe da ladabi suna tambaya ko bincike ya zo yi. Ya sayi ruwa ya koma.

A gida ya fara zagaye-zagaye, wai ko za a ɗan canza masa faranti saboda wannan ya tsufa. Matar ta riƙe haɓa ta ce Allah ya tsare ta da zubar masa da daraja, bayan Mai Kamfani da kanta ta yaba masa a bainar jama'a, ga yayanta ma sai ba da labarinsa yake yi a unguwarsu. Ta ajiye masa ɗan farantin shayi, ta kawo ƙwayar da ruwa.

Da wuya ta kai wuya, ya je wurin Mai Kamfani da sabon bincike, cewa hanjin da ya gama karatu yakan buƙaci komawa aji lokaci-lokaci don kada ya manta baya. Tsohuwa ba ta ko ɗago kai ba, ta ce shi dai tawali'u ya yi masa yawa, ya je ya ci gaba da zama abin koyi.

Yanzu tumbin ya daina riga shi shiga ofis, tare suke isowa, wani lokaci ma shi ke gaba. Rannan Tirela, wanda wuyansa ya fara dawowa, ya ɗauko cikakken farantinsa ya zauna a bencin da ke fuskantar teburin alfarma. Farfesa ya gama nasa tuntuni, sai bin cokalin Tirela yake yi da ido, daga faranti zuwa baki, daga baki zuwa faranti. Ɗakin ya ɗan yi shiru, cikin Farfesa ya zaɓi daidai lokacin ya yi wani dogon ƙugi da ya kai har kicin.

Tirela mutum ne mai taushin zuciya. Ya ajiye cokali, ya taso da farantinsa a hannu, da nama yanka biyu a kai, ya nufo teburin. Farfesa ya haɗiye yawu, ya ɗan matsar da furen roba gefe don a samu wurin ajiyewa. Tirela ya tsaya, ya sa ɗaya hannun a aljihu, ya zube masa wasu ƙwayoyi a kan farin ƙyallen, ya ɗora wani abu siriri a kansu.

"Ranka ya daɗe, ga nawa da suka rage, ka ƙara da su," ya ce. "Wannan kuma ƙusa ce, ta bel."